Labbo a Ƙofar Shago

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan asuba

Baba Yari mai shayi ya ce in riƙa rubutawa da zarar na buɗe ido, tun kafin in yi magana da kowa. To ga shi ina rubutawa, a bayan littafin rigakafin shanu, tunda ba ni da wani.

Kwana takwas ke nan mafarki ɗaya. Ina zaune cikin shagona na maganin dabbobi, sai Labbo shi tsaya bakin ƙofa da malafa a hannu, yadda ya saba. Shi ce, "Likita, ga ni na zo yadda ka ce." Shi ke nan. Ba shi zagi, ba shi kuka, jikinshi ko ƙwarzane babu. Sai in farka rigata jagab.

Labbo makiyayi ne, rugarsu na bayan Tsamaye. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa shanunsu allura. Shi ya fara kirana Likita, duk Sabon Birni ta ɗauka, har anka manta da Zainulabidin.

Ban yi komi ba. Duk wanda ke kasuwa ran nan ya shaida ban yi komi ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi abin da Liman ya ce: tofi uku a hagu, in juya kwanciya, kar in faɗa wa kowa. Na yi har bakina ya bushe. Labbo bai fasa zuwa ba. Shi ya sa na faɗa wa Baba Yari.

Tsohon direban babbar mota ne. Ya yi shekara huɗu a kurkuku can cikin Nijar, kan kayan da ya ce ba nashi ba ne. Ya ce abin da ya hana shi haukacewa, wani Buzu da sunka zauna ɗaki ɗaya ya koya mashi farkawa cikin mafarki ba tare da buɗe ido ba.

"Ka san kwana kake, amma ba ka tashi ba," in ji shi. "Daga nan linzami ya dawo hannunka. Ni kullum sai in fice ta katanga, in taho garinmu Isa in sha furar tsohuwata."

Na ce, "Baba, wanga ba tsibbu ba ne?"

"Wane tsibbu? Ko laya babu. Da rana ka riƙa duba hannunka kana ƙirga yatsu, kana tambayar kanka, farke nike ko kwana nike? Ka yi da gaske, ba awa mai wasa ba. In ya bi jikinka za ka yi shi cikin kwana, kuma can yatsu ba su tsayawa biyar. Sannan in ka ga mutumin da ka san ba shi iya zuwa, to ka san inda kake." Ya tsiyaya shayi ya miƙo mani. "Wanga mai zo maka, shina iya zuwa?"

Na ce shayin ya yi sukari da yawa.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Biyar. Biyar. Biyar. Har wani mai sayen maganin tsutsa ya tambaye ni ko hannuna ke ciwo.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Is'haƙa ƙanen matata Rahmatu ya zo cin tuwo. Tun da ya shiga cikin samarin nan masu tsaron gari ya bar sallama, sai dai a ji ya jingine abinshi jikin rumbu. Ya zauna kan tabarmata ya ja kwano.

"Mijin Yaya, ka yi wayo ran nan," ya ce, baki cike. "Wallahi da ka ce e, ka san Labbo, da yanzu Yaya tana takaba."

Ya yi dariya, na yi dariya. Rahmatu tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Da ya tafi ta wanke kwanon da ya ci har sau uku da toka, ta kife shi nesa da sauran. Sannan ta ɗauki moɗar da na sha ruwa ta yi mata haka.

Tun ran nan maganarmu ba ta wuce ga ruwa, ga tuwo.

Laraba, 16 ga Yuli, tsakar rana

Kasuwa. Ban buɗe shago ba.

Ni dai abin da na ce mashi, hanya ba ta da kyau, ba ni iya zuwa ruga wanga wata. Karsanarshi ce ciwon sammore ya kama, ta rame, ya bugo waya sau huɗu. Na ce shi shigo ran kasuwa shi karɓi allura shi yi mata da kanshi, ai ya sha ganin yadda nike yi. Ya ce, "Likita, irinmu na shiga kasuwa yanzu?" Na ce, "Ba ina nan ba?"

Kowa na iya faɗin haka. Magana ce.

Asabar, 19 ga Yuli, da sassafe

Ya yiwu!

Baba Yari ya ce barcin bayan asuba ya fi kamawa, don haka da na dawo masallaci na koma na kwanta. Ga shago, ga Labbo, ga malafa. Ya buɗe baki, ni ko sai na ga hannuna bisa tebur, na fara ƙirga. Shida. Na sake, bakwai, ɗaya a lanƙwashe awa ƙahon rago. Na ce da ƙarfi, kwana nike! Komi ya yi haske, har rubutun kwalabe na rawa. Murna ta cika mani ƙirji, sai kawai na ji ni bisa katifa, zakara na cara.

Na ruga wurin Baba Yari ko wanka ban yi ba. Ya ce ɗoki ne ya jeho ni waje. In na gane, in murza tafin hannuna, in taɓa ƙasa, in yi numfashi a hankali.

Yau na ci ƙosai takwas.

Litinin, 21 ga Yuli, da sassafe

Na riƙe mafarkin. Na murza hannu, na dafa bango, na ji sanyin siminti awa gaske. Na bi ta gefen Labbo na fita, na daka tsalle ban dawo ƙasa ba.

Wallahi ban san akwai irin wanga daɗi ba. Na bi gulbi ta sama, ruwa ja ya cika shi baki da baki. Na wuce kan kufan Alkalawa. Na ga gonakin nesa da ba wanda ya iya nomawa bana, gero ya yi kai ya rufe mutum. Ba shinge, ba mai tsayar da ni shi ce daga ina. Na daɗe ban tafi wuri ba tare da waiwaye ba.

Da na sauko bisa wani tudu, shina tsaye gindin aduwa. "Likita, ga ni na zo yadda ka ce."

Na ce tafi. Bai tafi ba.

Talata, 22 ga Yuli

An ji harbi wajen gabas tun safe. Waya ba ta shiga. Mutanen ƙauye biyu sun cika makarantar firamare da akuyoyinsu.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

Inna Fadima uwar Labbo ta zo. Da ƙafa, tsohuwar da ba ta gani sosai. Na ji sallamarta daga ɗaki na gane muryar, na yi wa Rahmatu alama da hannu. Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta fita ta ce Malam ba shi nan.

Ina kwance bayan ƙofa ina jin su. Rahmatu ta ba ta ruwa. Tsohuwar ta ce ba ƙara ta kawo ba, ba ta neman kowa da komi. Wurin da anka sa gawar ɗanta kawai take so a nuna mata, ta san inda za ta fuskanta in tana addu'a. Ta ce an faɗa masu duk kasuwar nan Likita kaɗai ya buɗe baki. Ta sa mani albarka da Hausa, ta sake da Fillanci.

Gaskiya ne, na buɗe baki.

Ta bar ƙwaryar nono da curin man shanu. Shekarar da Rahmatu ta yi ɓari ta kusa tafiya, kwana arba'in tsohuwar nan na aiko da irinsu. Rahmatu ta rufe ƙwaryar da faifai ta ajiye a ƙofar ɗakina. Na sha. In an bar shi lalacewa za shi yi.

Lahadi, 27 ga Yuli, da sassafe

Yau na ce tunda ba shi tafiya, bari shi yi mani amfani. Na murza hannu, na ce, Labbo, durƙusa. Ya durƙusa. Na ce, ce ka yafe mani. Ya ce, "Na yafe maka."

Da muryata ya faɗa. Bakin nashi, muryar tawa.

Na ce sake, da taka. Ya sake, da tawa. Ban san lokacin da na fizge sandarshi ba. Na yi ta yi har hannuna ya gaji, shi ko bai kare kanshi ba, malafar kawai ya riƙe kar ta faɗi. Da na tsaya ina haki ya ɗago ya ce, "Likita, ga ni na zo."

Abin da ba ni son rubutawa: na farka jikina sakayau, awa wanda zazzaɓi ya saki.

Litinin, 28 ga Yuli

Na sake.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na buɗe shago, an yi ciniki. Mutane sun ce na yi ƙiba.

Yanzu ko yatsu ba ni ƙirgawa, ina ganinshi na gane. Jiya na sa mashi igiya a wuya na ce shi yi tafiya da huɗu, na zagaya da shi kara, wurin sayar da shanu, ina tambaya wa za shi taya. Yau na tara mashi kasuwar duka, na sa shi tsakiya, na ce to nuna ni, kira sunana yadda ka kira. Ya nuna, ya kira. Na sa kowa ya yi dariya.

Wa na cuta? Ba mutum ba ne. Ni na yi shi, cikin kaina shike.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan masallaci

Na ba Baba Yari labari ina dariya, na ɗauka za shi yaba. Ya ajiye rariyar shayi.

"Shekara huɗu na yi ina wanga abu," ya ce. "Ganduroban da ya karya mani haƙarƙari ya zo mani ya fi sau ɗari. Ban taɓa ɗaga mashi hannu ba, tsallake shi nike in yi tafiyata. Kai ka taɓa tambayar wanga bawan Allah mi shike so?"

Na ce na san abin da shike so, allurar karsana.

"Likita, ina bakin teburin ga ran nan. Da kunnena na ji."

Na ce to shi da ya ji, mi ya yi? Na ce tsohon ɗan fursuna ba shi koya mani tsoron Allah. Na faɗa da ƙarfi, don masu zama benci su ji. Sun ji, sunka yi dariya. Baba Yari ya ɗauke kofina ya zubar da sauran.

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Rahmatu ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin girki. Na tare ta a ƙofa na ce domi.

"Malam, dariya kake cikin barci. Da can kuka kake, ina iya kwana kusa da kai. Wagga dariya ba ni iyawa."

Na ce in jini take ƙyama ta je gidansu ta duba hannun ƙanenta.

"Is'haƙa ya san abin da ya yi, ba shi ɓoyewa, Allah na jiran shi. Kai kullum ba ka yi komi ba."

Na ce macen da ta kasa riƙe ɗa cikin cikinta ba ta koya wa namiji riƙon amana. Na ga inda maganar ta shiga. Na tsaya na kalla har ta gama shiga.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Ta kama ni. Na fito za ni shago, na ishe Inna Fadima zaune bakin zaure tun ban san yaushe ba, riƙe da igiyar wata karsana irin shanun bokolo, ƙashi da fata. Ta lalubi hannuna ta riƙe da hannu biyu.

Ta ce za su tashi, za su ƙetare iyaka ran Litinin, ba su dawowa. Ta ce Labbo ya daɗe da cewa in karsanar ga ta tashi ta Likita ce, ga ta ta tashi da ikon Allah. Sannan ta ce, "Ɗana, kai ni wurinshi."

Kowa ya san wurin. Kwarin bayan kara, inda ake jefa mushe. Mata sun bar bi ta nan zuwa rijiya. Kuma daga rumfar su Is'haƙa ana hango duk mai sauka.

Na ɗaure karsanar a turke, na kai ta maƙabarta. Akwai kabarin Hafizullahi mai gyaran rediyo, da zazzaɓi ya kashe farkon damina, ƙasar ba ta gama kwanciya ba. Na ce ga shi. Na ce an yi mashi wanka da sutura, sahu uku, ni ina na gaba.

Ta zauna ta shafa ƙasar awa mai shafa bayan jariri. Ta yi ta yi mashi magana da Fillanci, tana ba shi labarin shanu ɗaya ɗaya, wadda ta haihu, wadda ta ɓace. Ina jin duka. Na tsaya ina korar sauro, ina tunanin ko na kulle shago jiya.

Alheri na yi mata. A rubuta wanga cikin alheri.

Juma'a, 8 ga Agusta

Rahmatu ta tambayi wane kabari. Na faɗa mata. Ta ce, "Na Hafizu?" Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Da rana tsaka sunka yi shi, kowa na kallo. Ashe tsohuwar ba ta koma ba, a makarantar firamare ta kwana. Rahmatu ta je ta ɗauko ta, ta faɗa mata komi, har abin da na ce ran nan da yadda na ce shi. Sunka sauka kwari su biyu da farin yadin da na saya mata da Sallah. Baba Yari ya rufe tebur ya bi su da fartanya da shebur.

An ce Is'haƙa ya taso da gudu, Rahmatu ta miƙe ta ce, "In za ka yi, fara da wadda ta goye ka." Ya tsaya bakin kwarin ya yi ta zagi, bai sauka ba.

An ce abin da sunka tattara bai cika yadin ba. Baba Yari ya haƙa can gefen maƙabarta, shi kaɗai ya yi salla, matan na daga baya.

Ni ina shago. Wani ya kawo tunkiya mai zawo.

Da ta dawo ƙafafunta duk laka, na ce, "Ni na ba ta kabari, ke kin ba ta ƙashi. Wa ya fi tausayi?"

Ta ce, "Nata ne."

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Inna Fadima ta biyo ta ƙofar gida za ta tafi. Na kwance karsanar na fito da ita, na miƙa mata igiya. Ba ta karɓa ba. Ta matso da fuskarta dab da tawa, don ta gan ni da kyau da ɗan idon da ya rage mata.

"Kyautar Labbo ce, ba tawa ba. Ba ni da ikon karɓewa," ta ce. "Ka riƙe ta, ka ba ta ruwa. Ta san sunanshi, in ka kira tana zuwa."

Ta juya da sandarta. Rahmatu ta raka ta har bayan gari.

Litinin, 11 ga Agusta, da azahar

Rahmatu ta tafi Bafarawa wurin gwaggonta. Mashin ɗaya ya ɗauke ta da akwati. Ban hana ba, ban tambayi ranar dawowa ba. Ta bar tuwo a rufe, ta cika randa. Da za ta hau ta ce, "Malam, Allah shi ba ka barci." Ban gane ko addu'a ce ba.

Karsanar na ta kuka a turke, ta ƙi dusa.

Laraba, 13 ga Agusta, da sassafe

Kwana huɗu bai zo ba. Na zauna cikin shago na murza hannu na jira, ƙofa wayam. Na kira. Na tashi sama na duba kara, na duba gindin aduwa, na bi hanyar Tsamaye har ruga. Ba kowa, ko kashin shanu babu.

Na warke ke nan. Ya kamata in je in faɗa wa Baba Yari, amma ba shi amsa gaisuwata.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ba wanda ya yi mani magana yau sai mai tunkiya. Ta mutu.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan asuba

Gidan ya yi shiru da yawa, tuwon kasuwa kuma ba shi zama mani. Na koma na kwanta da niyya. Na ga ni tsakar gida, na dafa randa, na ji sanyinta. Na fuskanci ɗakin girki na ce, Rahmatu, fito.

Ta fito, da zanen da take sawa ran Juma'a. Na ce kawo mani ruwa. Ta kawo, ta durƙusa. Na ce ki sha a moɗar, inda na sa bakina. Ta sha. Na ce yi dariya. Ta yi.

Akwai igiya rataye jikin rumbu. Ban taɓa ta ba yau.